Idan Hantsar Ɓeran Masar Ta Kumbura

Ɓeran Masar ya gaji ɓoye ciwo daga kakanninsa na tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, inda mutanen yankin da a yau ake kira Peru da Bolibiya da Ekwado suka fara kiwonsa dubban shekaru da suka wuce, domin a dawa duk dabbar da ta nuna rauni ita shaho yake fara sura. Zaman keji bai raba shi da wannan hali ba. Ga shi kuma da gajerun ƙafafu, cikinsa kusan yana shafar ƙasa, saboda haka abin da ke faruwa a mararsa ba ya bayyana ga wanda yake leƙo shi daga sama yana zuba masa ciyawa. Yawancin waɗanda suka taɓa nuna mini kumburi a hantsar ɓerayensu ba da ido suka fara ganinsa ba, sai dai sun ga ɗigon jini a kan shimfiɗa, ko kuma sun ɗauki dabbar don wani dalili daban yatsansu ya faɗa kan ƙullutu, kuma a lokacin abin ya riga ya yi nisa.

Nonuwa biyu kacal wannan dabba take da su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ƙasan mara kusa da matsematsi, kuma kowane kan nono yana tsakiyar wani ɗan fili da ba shi da gashi. Namiji ma yana da su, a wuri ɗaya da na macen, har sabon mai kiwo yakan ruɗe wajen tantance jinsi idan da nono ya dogara. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu a mafi yawan lokuta, wani lokaci har shida, kuma suna faɗowa da gashinsu, idanunsu a buɗe, da haƙoransu cif. Wato kan nono biyu ne za su yi ta jan layi a kai, su ja, su ciza, har tsawon kusan mako uku kafin yaye. Duk wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa ya riga ya fahimci rabin dalilin ciwon hantsa a wajen uwar.

Akwai kumburin da ba ciwo ba ne. Mace mai tsohon ciki ko mai shayarwa, nonuwanta biyu sukan cika tare, girmansu ɗaya, da taushi, ba ta zabura idan an taɓa, tana cin abincinta, kuma bayan yaye sai su koma yadda suke a hankali. Abin da ya kamata ya tayar da hankalin mai kiwo shi ne bambanci tsakanin dama da hagu, ko tauri, ko zafi, ko canjin launi, ko wani abu da ke fita daga kan nonon wanda ba farin nono ba ne.

Ciwon hantsa irin na ƙwayoyin cuta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa kiwon akuya ko saniyar tatsa, sai dai a jikin dabbar da nauyinta bai wuce giram 700 zuwa 900 ba, gudunsa ya fi sauri ƙwarai. Ƙwayoyin da aka fi samu su ne irin su Staphylococcus da Streptococcus da Pasteurella da Klebsiella da E. coli, kuma galibinsu ba daga nesa suke zuwa ba, suna nan a kan fata da cikin kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce cizon ɗa, ko ƙarzanar wayar raga da wasu suke yin ƙasan keji da ita, ko tsinin katako a cikin shimfiɗa. Da farko nonon yakan yi ja, ya ɗau zafi, ya yi tauri, uwar ta riƙa guje wa 'ya'yanta ko ta hankaɗe su idan sun zo sha, kuma idan aka ɗan matsa a hankali sai a ga nono mai kauri, ko mai haɗe da jini ko mugunya. Idan aka bar shi, jan yakan koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, wurin da yake da zafi ya koma da sanyi, wanda yake nufin naman wurin ya fara mutuwa. Daga nan ƙwayoyin sukan shiga jini, kuma a cikin kwanaki kaɗan ana iya rasa uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Mai shayarwar da ta takure a lungu, gashinta a tashe, ta ƙi ganyen da ta saba rububinsa, ba ta jiran gobe, a ranar ake kai ta wurin likitan dabbobi.

A nan ne nake so in daɗe, domin a ganina haɗarin da ya fi ciwon kansa girma a wajenmu shi ne maganin da ake ba da shi da kyakkyawar niyya. Mun saba idan wani abu ya kumbura ya yi mugunya, a aika yaro kemis ya sayo Ampiclox ko Amoxil ko Augmentin, a ɓare kafso a jiƙa a ɗura. Ga ɓeran Masar wannan guba ce, domin duk dangin fenisilin ne. Hanjinsa cike yake da wasu ƙwayoyi masu amfani waɗanda su ne suke narkar masa da ciyawa, kuma fenisilin da duk danginsa suna kashe waɗannan, su bar fili ga wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium difficile, wadda take yaɗuwa ta saki dafi a cikin hanjin. Dabbar sai ta daina ci, ta kama gudawa, cikinta ya kumbura, jikinta ya yi sanyi, ta mutu a cikin 'yan kwanaki, mai ita kuma ya ɗauka ciwon nonon ne ya kashe ta. Haka abin yake da eritromaisin da linkomaisin da kilindamaisin da tailosin, kuma wannan ya sa garin maganin kaji da ake zubawa a ruwan sha, wanda sau da yawa haɗin irin waɗannan magunguna ne, da allurar fenisilin da ake yi wa tumaki da awaki, duk ba su da wurin zama a kusa da kejin ɓeran Masar. Masana sun san wannan rauni nasa tun a shekarun 1940. Lokacin da Howard Florey da Ernst Chain suka gwada fenisilin a Jami'ar Oxford ta Ingila a 1940, a kan ƙananan ɓerayen ɗakin gwaji suka gwada, kuma har yau malaman likitanci sukan ce da a kan ɓerayen Masar aka fara, da wataƙila maganin ya sha mummunar shaida tun daga farko.

Magungunan da likitoci suka fi amincewa da su ga wannan dabba su ne irin su Baytril da Septrin da kuloramfenikol, tare da maganin rage zafi irin Metacam, amma ban ambace su don a je a saya ba. Ana auna su ne daidai da nauyin dabbar, giram bayan giram, kuma wasu daga cikinsu suna ratsawa cikin nono su isa ga 'ya'ya masu tasowa, don haka likita ne zai yanke wanda ya dace da kuma ko za a ci gaba da shayarwa. Inda hali ya yi, yakan ɗebi ɗan nonon ko mugunyar a kai ɗakin gwaje-gwaje a gano ƙwayar da maganin da take ji. Abin da mai kiwo zai yi da hannunsa shi ne ya gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na 'yan mintoci sau da yawa a yini, ya canja shimfiɗa kullum, ya kuma tabbatar uwar tana ci tana sha. Ina kuma gargaɗi a kan tsaga wurin da reza ko matse shi da ƙarfi, domin mugunyar ɓeran Masar kauri gare ta, ba ta gudana kamar ta mutum, kuma idan ƙurji ya taru a ciki, sau da yawa sai likita ya buɗe ya wanke, ko ya cire shi ɗungurungum da jakarsa.

'Ya'yan kuwa, sa'arsu ita ce suna fara tsakurar ciyawa tun a kwanakin farko na haihuwa, don haka yaye na dole bai kai musu muni kamar yadda zai kai wa 'ya'yan zomo ba. Duk da haka waɗanda ba su kai mako guda ba suna buƙatar nono sosai. Idan akwai wata mai shayarwa a gidan, yawanci takan karɓe su ba tare da gardama ba, idan kuma babu, ana jiƙa abincinsu na buhu ya yi laushi a riƙa ba su kaɗan-kaɗan, ana auna su kullum don a ga ko suna ƙaruwa. Dole ne kuma a raba uban da uwar tun kafin haihuwa, domin macen tana iya ɗaukar wani cikin 'yan awoyi kaɗan bayan ta haihu, kuma uwar da take goyon ciki tana shayarwa a lokaci guda ba ta da ƙarfin yaƙi da kowace cuta.

Ƙari kuma, wato tsiron nama a cikin nono, hanyarsa daban ce, kuma shi ya fi yaudara. Yakan fito ne a jikin dabbar da ta manyanta, galibi daga shekara uku zuwa sama, a cikin rayuwar da yawanci take tsakanin shekara biyar zuwa bakwai. Ba ya zuwa da zafi ko zazzaɓi a farkonsa, dabbar tana ci tana wasa, sai dai a ji wani ɗan tauri a ƙarƙashin kan nono ɗaya, ko a ga kan nonon ya fi ɗan'uwansa girma, ko a ga ɗan ruwa mai launin ƙasa ko jini ya bushe a bakinsa. Abin da ya bambanta ɓeran Masar da kare ko kyanwa shi ne maza ma suna kamuwa da ƙarin nono sosai, har a wasu asibitocin ana ganinsa a jikin maza kamar yadda ake ganinsa a jikin mata ko fiye. Na sha jin mai kiwo yana cewa ai nawa namiji ne, me zai haɗa shi da ciwon nono, kuma wannan tunani shi yake sa a yi watanni ana kallon ƙullutu yana girma. A ra'ayina, kumburi a nonon namiji ya fi na mai shayarwa cancantar a zarge shi da zama ƙari, tunda shi ba shi da ɗa mai cizo da za a ɗora wa laifi.

Da yawa daga cikin waɗannan ƙarin masu sauƙi ne, suna zaune wuri ɗaya a cikin jakarsu ba sa yaɗuwa, amma wani kaso da ba za a raina ba ciwon daji ne, wanda yake cin naman da ke kewaye da shi, wani lokaci kuma ya kai ga kaluluwar matsematsi ko huhu. Yatsa ba ya iya bambance su, kuma ko ƙwararren likita ba zai rantse da abin da ya ji da hannu ba. Yakan soka siririyar allura ya zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta ya duba a madubin likita, wanda yake taimakawa wajen raba ƙari da ƙurji, amma tabbataccen hukunci sai bayan an cire naman an aika ɗakin gwaje-gwaje. Ko da ƙarin mai sauƙi ne, barinsa ba alheri ba ne, saboda wurin da yake. Yana girma yana gogar ƙasa, fata ta tsage, fitsari da kashi su shiga, ya zama gyambo mai wari, ƙudaje su bi shi, a ƙarshe sai a tarar da ƙari da cuta a wuri ɗaya. Ƙullutun da bai wuce santimita ɗaya ba aikin ɗan lokaci ne a wurin likita, amma wanda ya kai santimita biyar ya fashe yana buƙatar yanka mai faɗi da allurar barci mai daɗewa, a jikin dabbar da ta riga ta rame.

Akwai wasu abubuwa da suke kama da ciwon nono alhali ba shi ba ne, kuma sun cancanci a san su ko da a taƙaice. Macen da ta haura shekara ɗaya da rabi ba a cire mata mahaifa ba tana yawan samun ƙullutai masu ruwa a gidan ƙwanta, kuma wasunsu suna sa kan nonuwa biyu su yi girma su yi ɓawo, gashin kwiɓi biyu ya zube daidai wa daida ba tare da ƙaiƙayi ba, ita kuma ta riƙa hawan 'yan'uwanta tana neman faɗa. Maganin wannan ba a nono yake ba, a ciki yake, kuma na'urar sikanin ce take nuna shi. Namijin da aka fiɗiye kuma yana iya samun ƙurji a wurin aikin, ko gwaiwa, wato hanji ko kitse ya zurmo ta ƙofar matsematsi, wadda a jikin ɓeran Masar take zama a buɗe tsawon rayuwarsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum soka wa kumburin mara allura a gida, domin mai yiwuwa ne abin da ke ciki hanji ne. Akwai kuma tarin kitse a ƙarƙashin fata, da kaluluwa, wadda idan ta fito a wuya da hammata da matsematsi a lokaci guda takan nuna wani ciwon daji na jini da aka sani a wannan dabba.

Idan an tabbatar ƙari ne, tiyata ce maganinsa, kuma likita mai lura yakan fara ɗaukar hoton ƙirji ya ga ko abin ya kai huhu, domin idan ya kai, yankan ba zai warkar ba, sai dai a koma ga rage wa dabbar zafi. Ana cire nonon ne gaba ɗaya da kan nonon, wani lokaci har da kaluluwar da ke kusa. Mutane da yawa suna tsoron allurar barci ga ƙaramar dabba, kuma tsoron yana da tushe, amma a ganina abin da ya fi yanke hukunci shi ne kwanakin da suke biyo bayan aikin. Ɓeran Masar ba ya amai, don haka ba a hana shi abinci na dogon lokaci kafin aiki kamar yadda ake yi wa kare, kuma hanjinsa ba ya jure zama babu komai. Idan zafin ciwo ya hana shi ci, hanjin yakan tsaya cak, iska ta taru, kuma wannan yana kisa ko da ɗinkin ya yi kyau. Saboda haka maganin rage zafi wajibi ne, haka ma ɗura masa jiƙaƙƙen abinci da sirinji marar allura ta gefen baki duk bayan 'yan awoyi har ya koma ci da kansa. Wanda ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ragu ya ƙanƙance, a mayar da shi asibiti. A shimfiɗa masa tawul mai tsabta maimakon dusar katako da za ta manne a ɗinki, a kuma ajiye abokin zamansa inda zai riƙa ganinsa yana jin muryarsa, domin dabba ce ta garke, har ƙasar Suwizalan ta sa a cikin dokarta tun 2008 cewa ba a ajiye shi shi kaɗai.

Warkewar rauni tana da alaƙa da bitamin C, wanda ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya haɗawa, sai daga abinci. A kan wannan dabba ce likitoci biyu 'yan ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 yadda rashin ɗanyen abinci yake haddasa ciwon da ke sa dasashi zubar da jini. Lafiyayye yana buƙatar aƙalla miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa a kullum, mai ciki da mai shayarwa da marar lafiya kuma kusan 30 ko fiye. Yankan koren tattasai marar yaji da ɗan ɓarin gwaiba da ɗanyen ganye sun fi zuba ƙwayar bitamin a ruwan sha, domin a ruwa saurin lalacewa yake yi, balle a zafinmu, kuma yana canja ɗanɗanon ruwan har dabbar ta rage sha. Zafin nan ma abin lura ne ga mai shirin tiyata ko haɗa barbara. Dabbar tsaunuka ce da ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma da zarar an doshi 30 take fara galabaita, don haka wanda yake Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, dole ya tanadi ɗaki mai inuwa da iska kafin ya dawo da marar lafiya gida.

Samun likitan da ya saba da irin waɗannan ƙananan dabbobi ba abu ne mai sauƙi ba a yawancin garuruwanmu, inda aikin ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji. Shawarata ita ce a nemi asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, domin jami'o'i sun san ɓeran Masar ta hanyar ɗakunan bincikensu, kuma suna da sashen da yake duba naman da aka ciro. Ko a wurin wane likita aka je, babu rashin ladabi a ce masa, likita, don Allah maganin nan ba dangin fenisilin ba ne ko, domin wanda ya san dabbar zai ji daɗin tambayar, wanda kuma bai saba da ita ba zai samu dalilin sake duba littafinsa.

Al'adar da nake bi, kuma nake ba kowa shawarar ya bi, ita ce awo da laluba sau ɗaya a mako, a rana ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Ana ɗora dabbar a kan ƙaramin sikelin kicin a cikin kwano, a rubuta nauyin a littafi, domin bambancin giram 20 ko 30 ba komai ba ne, amma raguwar giram 50 a mako guda, ko raguwa kaɗan-kaɗan da ta ƙi tsayawa, alama ce da takan riga duk wata alama bayyana. Daga nan sai a sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallabi ƙugu, a jingina bayanta da ƙirjin mai riƙon ba tare da an kwantar da ita rigingine ba, a dubi kan nonuwan biyu a wuri mai haske, a shafa kewayensu da ɗan yatsa a kwatanta dama da hagu. Idan an ji wani abu, a auna shi da rula, a ɗauki hotonsa da waya tare da kwanan wata, a tafi da littafin awon da hoton wurin likita, domin saurin girman ƙullutu yana daga cikin abubuwan da zai fara tambaya, kuma mazan garken ma a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka bi matan.